Hazon Rana a Tsohon Gilashin Kyamara

Masu ɗaukar hoto da dama yanzu suna sayen tsofaffin gilasan kyamara su ɗaura a kan kyamarar zamani, saboda arha da kuma taushin hoton da suke bayarwa. Sai dai da an fuskanci rana ko fitila mai ƙarfi, sai hoto ya fito da hazo, baƙi ya koma toka-toka, wani lokaci ma a ga ɗigo-ɗigon haske sun jeru a kan fuskar amarya.

Ba lalacewa ba ce. Gilashi ba ya barin duk hasken da ya same shi ya wuce. Kowace fuskarsa, in ba a yi mata shafi ba, tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100. Ga shi kuma abin da ake kira gilashin kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyat, wanda ya cika kasuwa, guda shida ne a cikinsa. Hasken da aka mayar sai ya yi ta kai-da-kawo a tsakaninsu, daga bisani ya faɗa inda ba a gayyace shi ba.

A 1935 ne Alexander Smakula na kamfanin Carl Zeiss a Jamus ya samo dabarar yi wa gilashi siririn shafi mai rage wannan mayarwa, har aka riƙe ta a matsayin sirrin soja. Shafi mai hawa-hawa bai yaɗu ba sai bayan da Pentax ta fito da nata a 1971. Don haka mafi yawan gilasan da aka yi kafin 1971 shafi ɗaya gare su, wasu ma babu ko kaɗan.

Magani mafi sauƙi shi ne inuwa. A sa wa gilashin hularsa ta kare haske. In babu, tafin hannu ko kwali ya isa, muddin bai leƙo cikin hoton ba. Matsawa taku ɗaya, ta yadda rana za ta faɗa bayan bishiya ko katanga, kan kawar da hazon gaba ɗaya. Gilashin kariya mai arha da ake ɗaurawa a gaba kuwa a cire shi, don fuska biyu ya ƙara.

Sai tsafta. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna watsa haske, amma kada a goge da bakin riga, domin tsohon shafi yana da laushi, in ya karce shi ke nan. A fara hure ƙurar tukuna, sannan a shafa a hankali da ƙyalle mai laushi. A kuma haska tocila ta cikinsa: in an ga farin hazo ko zare-zaren fumfuna, wannan aikin mai gyara ne.

Wasu masu shirya fim da gangan suke neman wannan hazon rana, kuma yakan yi kyau da yamma. Amma a hoton biki, inda fuskokin mutane ake biya a gani, a tare shi kawai.