Ko Ka San Da Wutsiya Taguwa Ke Sanar Da Cikinta?

Saniya kusan duk kwana 21 take sakin ƙwan haihuwa, ko da bijimi ko babu. Taguwa kuwa ƙwanta kan nuna ya zauna yana jira. In amale ya hau ta, sai ya fito cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In bai hau ta ba, ƙwan ya shanye, wani ya taso. An daɗe ana zaton motsin barbarar kaɗai ke jawo haka, amma daga baya aka gane cewa maniyyi ne ke da hannu, kuma a shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Saskatchewan ta Kanada, waɗanda ke aiki kan lama, dangin raƙumi na Kudancin Amurka, suka tantance ainihin furotin ɗin da ke cikin maniyyin namiji wanda ke sa jikin mace ya saki ƙwan.

A nan ne hikimar makiyaya ta samo tushe. Daga Abzin har ƙasar Somaliya da ta Larabawa, mai raƙuma zai gaya maka cewa bayan kamar kwana 15 da barbara, in amale ya tunkari taguwa ta ɗaga wutsiya ta nannaɗe ta sama, to ta ɗauka. Wasu masu ilmin boko kan ɗauki wannan a matsayin camfi, ni kuwa ina ganin sun yi gaggawa. Da zarar ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan soma fitar da sinadarin furojestaron, wanda ke riƙe ciki. In ciki bai shiga ba, gurbin kan mutu da wuri, sinadarin ya sauka kafin mako biyu su cika. In ya shiga, sinadarin ya ci gaba da yawo a jini, kuma shi ne ke sa taguwa ta ɗaga wutsiyar. Wato ranar da makiyayi ke duba dabbarsa ta faɗo daidai lokacin da jikin mai ciki da na marar ciki suka riga suka bambanta. Ido da dogon zama da dabba ne suka kai shi ga wannan lissafi.

Sai dai mai ja yana da hujja guda da ba za a ture ba. Wutsiya shaidar sinadari take bayarwa, ba ta ga ɗan tayi ba. Likitocin dabbobi sun lura cewa taguwar da aka yi wa allurar furojestaron ita ma takan ɗaga wutsiya alhali mahaifarta wayam. Ga kuma ɓari na farkon ciki, wanda ya yi yawa a raƙuma, kuma yakan wuce ba a ga komai ba. 

Wannan hujja tana nuna iyakar alamar ne kawai, kuma iyakar na da tsada. Cikin taguwa wata 13 ne, yawanci sau ɗaya take haihuwa a shekara biyu, barbara kuma tana da lokacinta a shekara. Wanda ya dogara da wutsiya kaɗai, ya janye amale daga taguwar da ta yi ɓari, ya yi asarar shekara guda ta nono da ɗa. Na'urar hoton ciki tana iya nuna cikin taguwa tun bai cika mako uku ba. Don haka mai raƙuma, ka ci gaba da duban wutsiya, amma in likitan dabbobi na kusa, ka kira shi ya tabbatar maka kafin lokacin barbara ya wuce.