Ko akwai maganin barin tabar wiwi?

Iyaye da yawa sukan tafi gidan likita su ce ma majo: "Ba ni maganin da zai raba ɗana da tabar wiwi." Ga gaskiyar magana: har yau babu ƙwaya ko allura da hukumomin magani suka amince cewa tana raba mutum da wiwi. Amma akwai taimako, kuma ya kamata kowane magidanci ya san irinsa.

Mi ke ɗaure mai sha?

Cikin ganyen akwai wani sinadari da ake kira THC. In mutum yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa sai ta saba da shi. Cikin mutum 10 masu sha, wajen 1 yakan kamu har ya kasa bari. Ga waɗanda suka fara tun suna samari, abin yakan kai 1 cikin 6.

Mi ke faruwa in ya bari?

Bayan kwana 1 zuwa 3 wahala takan fara: saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai, ƙin abinci, zufa, ciwon kai da ciwon ciki. Takan yi tsanani cikin satin farko, ta lafa bayan kamar sati 2. Barci kuwa yakan ɗauki wata guda ko fiye kafin ya daidaita. A shekarar 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa wannan hali cikin littafinsu na cututtuka. Ke nan ba shagwaɓa ba ce, ba kuma iskoki ba ne. Wahalar ba ta kisa, amma ita ke maida mutane da dama ga sha.

Magungunan da aka gwada

An gwada magungunan baƙin ciki, ba su hana sha ba. An gwada ba masu sha THC na likita, ana rage shi sannu sannu: ya sauƙaƙa wahalar bari, amma da yawa sun koma. Wani magani mai suna N-acetylcysteine ya taimaki matasa a gwajin da aka yi a Amurka a 2012. Da aka gwada shi ga manya a 2017, bai yi amfani ba. Abin da likita ke iya bayarwa shi ne na rage zafi: parasitamol don ciwon kai, maganin tashin zuciya, wani lokaci maganin barci na ƴan kwanaki kaɗan.

Hattara da ƙwayar tebur

A nan ne babban haɗari yake. Yaro ya kasa barci, sai a sayo masa diyazefam ko tiramol wurin mai talla. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ƙwayoyin nan sun fi wiwi kama jiki. Tiramol yana sa farfaɗiya, wanda kuma ya saba da diyazefam, in ya bari farat ɗaya, yana iya halaka.

Abin da ya fi aiki

1. A tsaida ranar bari tare da ma'aikacin lafiya, a riƙa komawa ana shawara da shi. Bincike ya nuna wannan zama ya fi kowace ƙwaya amfani.
2. A gaya ma mutanen gida cewa fushin na ƴan kwanaki ne, kada a rama, kada a ɗaure shi, kada a buge shi.
3. Ya nisanci fadar da yake sha, ya kama aikin ƙarfi da rana, ya bar shayi da kafe da dare.
4. In yana shan sigari ko wata ƙwaya, ya faɗa ma likita.

In ya fara jin muryoyi, ko zargin kowa, ko maganar kashe kansa, a kai shi likita nan take. Babbar likitar ƙasa ta Yamai tana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Wanda ya bari ya koma, kada a fid da rai gare shi. Da yawa sai sun gwada sau biyu ko uku kafin su rabu da ita. A sake tsaida wata rana.