BABI NA UKU: AIKIN GAYYA WAJEN GINI DA GYARAN GIDAJEN MARASA ƘARFI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. A wannan babi kuwa za a dubi yadda jama'ar wannan yanki suke haɗa hannu su gina wa marasa ƙarfi muhalli, ko su gyara musu wanda ya lalace, da kuma dalilin da ya sa al'adar take ja da baya.

3.1 Ma'anar Gayya

Gayya ita ce taruwar mutanen gari ko unguwa domin su yi wa wani aiki ba tare da an biya su lada ba. An fi saninta a noma, amma ana yin ta a gini, musamman ga tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu da wanda gobara ta cinye wa ɗaki. Abin da ke kan mai gayya shi ne fura ko tuwo da goro, in kuwa ba shi da hali maƙwabta su ɗauke masa. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma daga aikin rufin ɗaki wannan karin magana ya samo asali.

3.2 Abin da Ke Kawo Buƙatar Gyara

Kudancin Jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, musamman wajen Doguwa da Tudun Wada. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure ruwa sai da kulawa. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙe, sai rufi ya rufta. Haka kuma feshin ruwa yakan ci gindin katanga har ta faɗi. Wannan ne ya sa watan Agusta ya zama lokacin fargaba ga talaka. A watan Agusta na 1988 ne madatsar ruwa ta Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle, ruwan ya rushe gidaje masu yawa tare da lalata gonaki.

3.3 Yadda Ake Gudanar da Aikin

Da rani ake yin gayyar gini, bayan an gama girbi. Mai unguwa ko liman ko shugaban samari shi ke sanar da rana. Aikin yakan kasu kamar haka:

(a) Samari su haƙo ƙasa daga kududdufi, a zuba ruwa da ramno a kwaɓa da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima.

(b) A dunƙula tubali a shanya shi a rana har ya bushe.

(c) Magini ya hau katanga, ana jefa masa tubali da ƙasa yana jerawa. Ba a ɗora sahu kan sahu sai na ƙasa ya sha iska.

(d) A yi rufi da azarar giginya da zana da ƙasa, ko a ɗaura jinka da shuci a ƙasa, majiya ƙarfi su ɗaga ta su aza.

(e) A yi yaɓe, a shafe da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ta kare bango daga ruwa.

(f) Mata su yi daɓen ɗaki da madaɓi suna waƙa.

Idan aka lura za a ga kusan duk kayan nan daga ƙasa da daji suke fitowa. Wato abin da ya fi tsada a ginin gargajiya shi ne ƙwadago, shi ne kuma gayya take bayarwa kyauta.

3.4 Matsalolin da Gayya Ke Fuskanta

Babbar matsala ita ce sauyin kayan gini. Yanzu bulo da siminti da kwanon rufi da katako da ƙusa ake so, kuma babu ɗaya daga ciki da ake samu da ƙarfin tuwo, sai da kuɗi. Farashinsu ya ƙara tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Saboda haka ko samari ɗari sun taru, in babu kaya ba abin da za su iya yi wa tsohuwar da ɗakinta ya faɗi. Har ila yau giginya ta yi ƙaranci, dajin Falgore kuwa gandun gwamnati ne, doka ta hana sara a cikinsa. Bugu da ƙari, lokacin gini ya yi daidai da lokacin da samari ke tafiya cirani, ko suke kan noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka fuskanci irin wannan ba. A Amurka, ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976, tana haɗa 'yan sa-kai da gudummawar kuɗi da kaya, mai gidan ma ya sa hannu a aikin, sannan ya biya a hankali. Darasin da ke nan shi ne, ƙwadagon kyauta yana buƙatar asusun kaya a bayansa.

3.5 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa gayya ta yi ƙarfi ne a lokacin da kayan gini ke hannun kowa, ta kuma yi rauni da suka koma kasuwa. Idan ƙungiyoyin ci gaban gari da masu fitar da zakka suka ɗauki nauyin kwano da ƙusa, samari suka ba da ƙarfinsu, magina suka riƙe fasahar tubali da makuba, to marar ƙarfi zai shiga damina da kwanciyar hankali. A babi na gaba za a nazarci waƙoƙin daɓe da kirarin da ake yi a wurin gayya.