Tarin Fuka: Me Ya Sa Huhun Wani Ya Fi Na Wani Lalacewa?

Jama'a, a ƙauyukanmu na Tambuwal da Kebbe mukan ga mutum biyu sun kamu da tarin fuka. Ɗaya ya warke sarai, ya koma gona. Ɗayan ya warke, amma da ya ɗaga gatari sai haki. Mene ne dalili?

Ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ta a 1882. Tana bin iska idan mai cutar ya yi tari.

Idan ta shiga huhu, sai dakarun da Allah ya sa a jininmu su far mata. Wajen faɗan sukan zubo wasu sinadarai masu narka naman huhu. Dakarun wani suna faɗa da lissafi. Na wani kuwa sukan wuce gona da iri, kamar mai korar ɓera da wuta a rumbu. Ta haka rami ke buɗewa a huhu, ya bar tabo.

Wannan bambanci yana da alaƙa da gado. Manomi ya san ba kowane irin gero ke jure fari ba. Haka jikin ɗan Adam yake. A 1998 masana sun yi bincike a ƙasar Gambiya. Sun tarar wani ƙwayar gado da ake samu daga iyaye ya fi yawa ga masu tarin fuka fiye da masu lafiya.

A lura: ba cutar ake gada ba, yanayin jiki ake gada. Kada a ƙyamaci wani gida, ko a fasa aure da su saboda haka. Yunwa, shan taba, ciwon sukari da ƙanjamau su ma suna ƙara ɓarnar.

Ba mu da iko a kan gado, amma muna da iko a kan lokaci. Kowane mako na jinkiri ƙarin rami ne a huhu. Wanda ya yi mako 2 yana tari, ya je babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe a auna majinarsa. Magani kyauta ne, ana shan sa wata 6 ba fashi. A kai jarirai allurar BCG.

Mai karatu, ka karanta wa maƙwabcinka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.