Ƙofar da ƙwayar mura take buɗewa cikin dakarun jini

Ku sani, Allah Ya yi muku albarka, jikin ɗan Adam taron ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kowace da fatarta, kamar birni da ganuwa. Cikin birnin, gishirin da ake kira fotasiyam, irin na ruwan toka, ya ninka na waje kamar sau 30. Bayan ganuwa kuwa sodiyam ya fi yawa, wato na gishirin miya. Masu tsaron ƙofa ba su barci, suna fid da sodiyam 3, su shigo da fotasiyam 2. Da wannan awo rai yake tsaye, tsarki ya tabbata ga Wanda Ya auna.

To, ƙwayar mura mai tsanani, infuluwenza, idan ta shiga halitta sai ta tilasta mata ƙera wani sinadari mai suna M2. Guda 4 ke haɗuwa su zama kafa, tsami ya riƙa yoyo ta nan, awo ya ɓaci. Abin mamaki yana ga fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta, dakarun jiki. A 2010 masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa yoyon nan shi ke farkar da su, su saki abin da ke kawo zazzaɓi da kumburi. Ashe zafin jikin majinyaci kugen yaƙi ne, ɓarawo ya tona kansa da ƙofar da ya buɗe.

Amma fa kuge idan ya ƙi shiru, gari ya wahala. Ƙwayar SARS ta 2003 tana da irin wannan kafa, sunanta E, har kalsiyam, sinadarin ƙashi, yana bi ta ciki. A 2014 masana a Sifen suka toshe ta, suka sa wa ɓeraye ƙwayar. Ta hayayyafa, amma huhunsu bai cika ruwa sosai ba, da yawa suka rayu.

Ita kafar M2 an taɓa samun murfinta, magani mai suna amantadine, wanda Amurka ta halatta a 1966. Sai ƙwayar ta sauya bakin kafar kaɗan, murfi ya daina zama. A 2006 hukumar lafiyar Amurka ta ce a bar shan sa don mura. Saboda haka wanda aka tallata masa shi da sunan maganin mura, ya riƙe kuɗinsa. Yau likitoci suna ba da shi ga masu ciwon makyarkyata da ake kira Parkinson.