Wuraren da Ke na Kowa

A kowane gari akwai wurare iri biyu. Akwai na mutum ɗaya, kamar gida da gona. Akwai kuma na jama'a duka, kamar kasuwa, da rijiyar gari, da maƙabarta, da dandali inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari kuwa su yi kokawa da langa bayan kaka. Baƙo ma yana da rabo a cikinsu, gama ba a hana matafiyi inuwa ko ruwan sha.

To, wa ke lura da waɗannan wurare? A zamanin da, aikin En'e ne, watau hukumar Sarki da hakimai da dagatai. A shekarar 1976 aka yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi a duk Nijeriya. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da lambuna da filayen shan iska. Kuɗin aikin kuwa na jama'a ne. Har kuɗin rumfa da a ke karɓa ran kasuwa yana ciki.

Mu ɗauki misalin Runka. Garin yana yammacin Jihar Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a bakin Dajin Rugu. Dajin nan babba ne ƙwarai, ya shafi ƙasar Batsari, ya miƙe har iyakar Zamfara. Hukuma ta keɓe shi tun zamanin Turawa, don kada a sare itatuwansa a mai da shi gonaki. A shekarar 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya, aka kuma gina madatsun ruwa a dajin, don shanu su sami abin sha da rani. Makiyayi ya sami ciyawa, manomi ya sami taki, mata suka sami nono a kasuwa.

Amma abin da ke na kowa shi ya fi saurin lalacewa, don kowa yakan ce wani zai gyara. Da aka yi sakaci, madatsai da yawa suka cike da yashi, aka yi ta saran itace. Daga baya ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka ɓuya a dajin, mutane da yawa suka bar ƙauyukansu, dandali ya yi tsit.

Saboda haka, yara, ku lura. Kada ku karya dashen da aka yi a filin makaranta, kada ku jefa shara a rijiya, kada ku sa wa daji wuta. In kun ga ɓarna, ku gaya wa malam ko mai unguwa. Hukuma ita kaɗai ba ta iyawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Faɗi wurare huɗu na jama'a a garinku.
2. Wa ke lura da su a da, wa ke lura da su yanzu?
3. Don me aka keɓe Dajin Rugu?