Kalmar sirrin waifai ba ta wuce ƙofar zaure ba

Wani magidanci da na sani a Sule Tankarkar, mai sayen riɗi da zoɓo a hannun manoma yana kaiwa Maigatari, ya wayi gari wata Laraba babu lissafin kaka guda a kwamfutarsa. Kashegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ga mutane za su zo karɓar cikon kuɗinsu, ga sunayen waɗanda ya ba bashin taki da damina duk a ciki. Babu wanda ya hauro katanga. Ƙaninsa ne, ɗan sakandare, yana neman inda zai zuba fina-finan Indiya na fassara, ya shiga ta tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin samari, ya ga wata folda da bai gane sunanta ba, ya goge. Aka duba kwandon shara na kwamfutar maigida, wayam. Haka manhajar Windows take: abin da aka goge daga wata na'ura ta hanyar sadarwar gida ba ya biyawa ta kwando, wucewa yake yi kai tsaye. Wani tsohon littafin lissafi da uwargida ta hana a yar shi ne ya fitar da shi kunya.

An yi wa yaron faɗa, har da ƙari. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya haɗa musu kwamfutocin biyu ya buɗe foldar ne ga rukunin da Windows ke kira Everyone, wato kowa da kowa, kuma ya ba shi cikakken iko, don ita ce hanyar da ke aiki nan take ba tare da an yi ta tambayarsa kalmar sirri a waya ba. Masu haɗa irin wannan da yawa haka suke yi, a Gumel ne ko a Kano.

A da wannan damuwar ofis ce. Lokacin da Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, ya kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, mutane da yawa dariya suka yi, suna cewa mai neman ruwan sha ina ruwansa da intanet. Kwamfutocin da ke magana da juna a wancan zamani sai a sakatariya ko banki, kuma akwai ma'aikacin da aka ɗauka musamman don ya tsara wa zai ga me. Yau a garuruwan masarautar Gumel huɗun nan, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, za ka shiga gida ka tarar da faifan sola a kan rufi, da 'yar na'urar maifai ko rauta a kan taga, da laftof ta ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel, da wayoyi bakwai ko takwas duk a rataye da waifai guda. Sadarwa ta shigo gida, amma wancan ma'aikacin bai biyo ta ba.

Abin mamakin shi ne, Bahaushe ba baƙon wannan ilimi ba ne. Dubi yadda yake gina gida. Baƙo iyakarsa zaure. Ɗan'uwa ko aminin maigida kan wuce shigifa bayan sallama. Cikin gida sai muharrami da yara, har a wasu gidajen a rubuta "ba shiga" da gawayi ko fenti a jikin bango. Turaka da ƙa'idarta. Rumbu kuwa, ko wanda aka haifa a gidan ba ya buɗe shi don ya ga dama. Maigida ne ke fitar da damin gero, a ba mai girki. A gona ma akwai gandu na kowa, akwai gayauna ta mutum ɗaya. Ba wanda ya taɓa cewa don an amsa maka sallama a zaure ka sami izinin leƙa rumbu. To kalmar sirrin waifai amsa sallama ce kawai. Ta shigo da kai harabar, sauran ƙofofin kuma kowace da makullinta, in an sa mata.

Ita wannan kalma ba ta ma daɗewa a matsayin sirri. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, duk wayar da ke kan waifai tana iya nuna wani ɗan hoto mai ɗigo-ɗigo, aboki ya haska da tasa wayar ya shige ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Ka ba ɗanka, ya ba abokinsa, abokin ya ba 'yan majalisarsu da ke zama a dakalin ƙofar gida bayan isha'i. Kowannensu kuma in yana da manhajar kallon bidiyo irin VLC, akwai wurin da zai taɓa ta jero masa foldodin da aka bari a buɗe a sadarwar gidan. Ba sai ya iya kutse ba.

Harshen da kwamfutoci ke rabon fayil da shi sunansa SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, ya ƙirƙiro shi a 1983, Microsoft ta ɗauka ta raine shi, sannan a farkon shekarun 1990 wani ɗalibi a Ostireliya, Andrew Tridgell, ya rubuta Samba, wadda ta sa na'urorin da ba na Windows ba suka iya jin yaren. Da Windows 7 ta zo a 2009 an sa mata wani tsari mai suna HomeGroup don sauƙaƙa wa gidaje, kalmar sirri guda ga kowa. A 2018 aka cire shi daga Windows 10. Abin da ya rage shi ne tsohuwar hanya, wadda a ganina ta fi dacewa da gidan Bahaushe: kowa da sunansa, kowa da makullinsa.

Aikin yana farawa ne daga kwamfutar da foldar take ciki. A nan za a buɗe wa kowane mutum asusu, da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma a bar shi a matsayin mai amfani na gama-gari. Matsayin shugaban kwamfuta na mutum ɗaya ne. Mutane kan yi kuskure su buɗe asusun a kwamfutar da za a shigo daga cikinta, alhali mai gadi yana bakin ɗakin da kayan suke, kuma sunayen da ke cikin littafinsa kaɗai ya sani. Sai a kunna zaɓin da ke hana rabo sai da kalmar sirri, yana cikin saitin rabo na sadarwa. Daga nan a je kan foldar, a buɗe bayananta, a shiga shafin Sharing, a cire Everyone, a sa sunayen waɗanda ake so ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna za a zaɓa masa ɗaya cikin matakai uku: karantawa kawai, ko canzawa, wanda ya haɗa da gogewa, ko cikakken iko. Yawancin mutanen gida karantawa ta ishe su. Sai dai a riƙe wannan: wanda zai iya karantawa zai iya kwafa. Hoton da ba ka so ya fita gidan, kada ka ce ai izinin kallo kawai na ba shi.

A nan ne mutane ke rikicewa, domin ƙofofin biyu ne. Bayan shafin Sharing akwai wani mai suna Security. Na farko yana tsare mai zuwa ta sadarwa ne kaɗai. Na biyu yana manne da fayil ɗin kansa a cikin faifan ajiya, ya shafi mai zuwa ta sadarwa da wanda ya zauna a gaban kwamfutar. Idan biyun suka saɓa, wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa ya ba matarsa izinin canzawa amma kwamfuta ta ƙi: ya buɗe mata ƙofar shigifa, ya manta ta ɗaki a kulle take. Masu sana'ar da dama sukan sassauta ta farko, su yi tsaurinsu a ta biyu, don kada su riƙa lissafi biyu. Akwai kuma wani akwati na hani da ke gefen na izini. Shawarata a bar shi. Hani yana danne izini, kuma in ka hana wani rukuni da kai ma kana cikinsa, ka kulle kanka a waje da hannunka. Wanda ba ka so ya shiga, rashin sa sunansa ya wadatar.

Ƙofa ta biyun nan tana samuwa ne a faifan da aka tsara da NTFS, tsarin da Microsoft ta fito da shi a 1993. Filashi da katin waya yawanci FAT32 ne ko exFAT, waɗanda ba su san sunan kowa ba. Ka kwashe foldar da ka sha wahalar kullewa ka zuba a filashi, makullan sun zube a hanya. Haka ma rautocin da ke da ramin soka filashi don a raba wa gida: da yawansu buɗe suke zuwa, sai ka shiga saitinsu ka sa suna da kalmar sirri, wasu tsofaffin kuma ba su jin komai sai tsohon yaren SMB na farko.

Wannan tsohon yare yana da tarihi mara daɗi. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikinsa ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana ƙulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft ta riga ta fitar da facin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Daga ƙarshen shekarar sababbin Windows 10 suka daina zuwa da shi a kunne. Duk da haka har yau akwai mai gyaran da in rabon fayil ya ƙi, maganinsa na farko shi ne ya sake kunna shi. In an ce maka haka, ka nemi wata dabara. Irin waɗannan manhajoji na fansa kuma suna lalata duk foldar da kwamfutar da suka kama take da izinin canzawa, ko da foldar tana wani ɗaki. Kenan taƙaita wa yaro izini zuwa karantawa kariya ce daga abin da zai kwaso a wurin masu turin fina-finai, ba daga hannunsa kaɗai ba. Mai Windows 10 kuma ya sani Microsoft ta tsayar da tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma kwamfutocin gwanjo da ke hannun jama'a da yawa ita ce a kansu.

'Yan majalisar ƙofar gida fa? Ba sai an kore su ba. Rautoci da dama suna da waifai na baƙi, mai suna daban da kalma daban, wanda ke ba mutum intanet amma ba ya nuna masa na'urorin gida. Zaure ke nan na gaskiya, da tabarmarsa da butarsa. Mai laftof da ke yawo da ita kuma, in ya hau waifai na makaranta ko na shago, ya gaya wa Windows cewa wannan sadarwar ta jama'a ce, sai ta ɓoye shi.

Ga masu shagon buga takardu maganar ta wuce shawara. Kwamfutar da ke bayan kanta cike take da takardun NIN na mutane, da sakamakon jarrabawa, da hotunan fasfo, da takardun neman aiki, kuma sau da yawa tana haɗe da wadda kwastoma ke zama a kai. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya ajiye don harkar gidansa zalla, amma mai riƙe bayanan wasu don sana'a nauyin tsare su yana wuyansa.

Sai dai duk wannan saiti ba shi ne mai wuya ba. Rabin awa ya isa. Mai wuyar ita ce kunya. Yaya za ka dubi ƙaninka, ciki ɗaya, ka ce ga naka asusun, nawa kuma ba zan gaya maka kalmarsa ba? A gidan da mata biyu suke, in an ba ɗaya izinin foldar da ba a ba ɗayar ba, an tayar da zancen da kwamfuta ba za ta kashe shi ba. Shi ya sa gidaje da yawa ke zama da asusu guda, kalmarsa sunan autan gida ko 1234, kowa ya sani. A irin wannan hali kwamfuta mutum ɗaya take gani, ko su goma ne, kuma duk makullin da ta adana wa maigida tana miƙa shi ga duk wanda ya zauna a kujerarsa. Ni dai abin da na ga yana aiki shi ne a yi wa kowa a rana ɗaya, har da maigidan, ta yadda ba wanda zai ce shi aka nufa. Kowa ya sami gayaunarsa da ba mai leƙawa, sannan a bar gandu guda na karatuttuka da hotunan suna da biki da fina-finai.

Akwai inda makullan nan ba su kai ba. Mai gyara da ka bar wa laftof a Gumel ko a Kano, in ya zare faifan ajiyar ya soka a tasa kwamfutar, izinin da ka tsara ba zai tsayar da shi ba. Wannan sai an rufe faifan gaba ɗaya da tsari irin BitLocker. Kuma izini ba ya dawo da abin da mai izini ya goge da kansa, ko abin da zafin bazara da ƙurar hunturu suka kashe.

Mai riɗin nan yanzu foldodi uku gare shi. Ta lissafi shi da babban ɗansa ne, ɗan ma karantawa kawai. Ta takardun gona da na makarantar yara uwargida da amarya duk suna gani. Ta ukun kowa ya zuba abin da ya ga dama, kuma ita ce kullum a cike. Duk daren Alhamis in ya dawo daga Maigatari yakan kwafe lissafin a filashi ya jefa a aljihun 'yar ciki. Littafin takardar ma bai daina rubutawa ba, yana cikin adakar uwargida.